Jinin da Ya Yi Ƙasa

Tun a soro Gwaggo Asama'u ta fizge takardar gwajin daga hannun Jannatu.

"Me likitan ya ce?"

"Jinina ya yi ƙasa. Ba zai yi mani aikin nonon ba sai bayan wata uku."

Gwaggo ta tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Mutanen Safana na neman masarar tuwo, ke kina neman ƙarin nono. Malamar makaranta guda!"

"Wuta ta cinye mani na hagu ranar da ɓarayin daji suka ƙone Ruma, Gwaggo. Gyara zan yi, kuma sai na yi."

"Ishara ce daga Allah, marar kunya. In ba haka ba, ina jinin ya tafi?"

Jannatu ta dubi Armaya'u, ɗan Gwaggo, yana jingine a tsakar gida, cinyarsa a naɗe tun da aka harbe shi a hanyar Runka.

"Jinin da aka ƙara masa, ba cewa aka yi wani bawan Allah ya bayar ba? To ga jinina can zaune yana shan kunu. In ishara ce, Gwaggo, ce masa ya maido mani abina."