Sunan da Ke Kan But

Wata biyu Hayatu ya yi a garejin Oga Ɗanjuma da ke Kachalla Sembe ba a bar shi ya taɓa motar kowa ba. Wata tsohuwar ƙofar mota aka jingina masa a gindin mangwaro, a kanta yake koyon goge fenti da inji. Abin da ciwo ga mai shekara arba'in, wanda ya taɓa yin tashe a garin Mutum Biyu yana tuƙa marigayi Alhaji Mahadi. Da hagu yake riƙe injin. Oga ya yi gyara har ya gaji ya ƙyale shi.

Karatun da Oga yake koya masa ba shi da yawa. Inji ba ya cike karce, fentin da ke kewaye yake ci har wurin ya daidaita, don haka wanda ya tsaya wuri ɗaya ya ƙona mota. In ana son ganin layukan nan masu kama da saƙar gizo-gizo, sai a juya mota ga rana a durƙusa a leƙa ta gefe. Ya kuma tsani masu rubutu da yatsa a kan mota mai ƙura, ya ce ƙura yashi ce, a wanke rubutun ya tafi amma sawunsa yana nan. Hayatu ya yi dariya, ya ce ai wane saurayi ne bai yi ba.

Dariyar ba ta bin sa gida. Matarsa Bara'atu malama ce a wata firamare, kuma tun da abokin aikinta George ya sayi wata baƙar mota ta hannu, shi yake rage wa malamai mata hanya. Su huɗu yake ɗauka, amma idon Hayatu mutum ɗaya yake gani. Rannan ya leƙo ta taga ya ga ta sauka, ta zagaya bayan motar, ta shafa but ɗin tana wani murmushi da ya daɗe bai gani ba. Don kishi, tuwon ranar ko loma uku bai yi ba.

Ita ce kuma da bakinta ta ce ta sa George ya kai motar garejinsu, ya nemi Hayatu da suna.

"Ka dube ta da kyau fa," in ji ta, tana danne dariya.

Ya dube ta kuwa. Ranar Asabar da hantsi Oga ya danƙa masa motar, aikinsa na farko, ya ce in ya yi kyau ya gama da ƙofar gindin mangwaro. Hayatu ya wanke, ya tsane, ya juya ta ga rana. Bonet cike da saƙar gizo-gizo, wannan ba komai ba ne. Da ya zagaya baya ya durƙusa, sai ya ga wasu layuka a kan but da ba su bin zagayen tsumma. Ya karkata kai. Haruffa ne, sirara kamar gashi, sun kwanta zuwa hagu, an maimaita su a wuri ɗaya ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Bara'atu.

A guje ya isa gida, ya same ta tana shanya. Abin da ya faɗa mata ba na maimaitawa ba ne, maƙwabta dai sun ji. Ta buɗe baki ta ce ai motar nan fa, ya daka mata tsawa ya ce kada ta ƙara ambaton motar a gabansa, ta tafi gidan yayanta a unguwar Sarkin Dawaki sai ya neme ta. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ɗauki mayafinta.

Ya koma gareji. Ya ɗiga mai a soson injin, ya murɗa shi zuwa ƙarshen gudunsa, ya danna a kan sunan da dukkan ƙarfinsa. Da ya bi a hankali, zagaye uku sun isa su share shi. Shi kuwa ya tsaya, ya yi ta tsayuwa, har wari ya tashi, baƙin fenti ya yaye, farin da ke ƙasa ya leƙo kamar faɗin faranti.

Oga ya fizge wayar injin daga soket. Bai yi faɗa ba, ya ce dai Hayatu ya ajiye rigar aiki. Ana cikin haka George ya sauka daga keke, ya zo duba motarsa. Hayatu ya miƙe ya dunƙule hannu, yana jiran mutumin ya yi magana ɗaya.

George ya dubi tabon, ya dubi Hayatu, fuskarsa duk mamaki.

"Haba, Malam Hayatu. Madam ɗinka ya ce ba wanda ya san motar nan kamar kai, ya ce za ka ji daɗi in ka gan shi. Lamba kawai na canza da kujeru. A Mutum Biyu na saya, wajen 'ya'yan Alhaji Mahadi."

Hayatu ya buɗe hannun da ya dunƙule, ya zuba wa yatsansa na hagu ido. Da shi ne, shekara takwas da suka wuce, yake rubuta sunan nan kowace safiya a kan ƙurar but ɗin, don wata budurwa mai wucewa makaranta ta gani kafin ya wanke motar.