Tabarya, Ƙwai, Gyaɗa da Ludayi

Ke da kike cewa tunda ba ki yi boko ba sai yadda dangin miji suka yi da ke, gyara zama ki ji wannan.

Wata mai saƙar faifai ce a wani gari na bakin kogi, irin matan nan da idan mai saye ya taya suka ce albarka, ko wuni zai yi a tsaye ba za su sake ɗaga kai ba. Mijinta ya rasu ya bar ta da fadama ɗaya da akwatin ƙarfe wanda gatari ba ya ci. Fadamar nan sadakinta ce, an rubuta an sa hannu, amma shaidun duk sun riga mu gidan gaskiya, takardar kuwa tana cikin akwatin. A bakin akwatin akwai kwaɗo mai lamba, wanda ba shi da ɗan makulli, sai zobba huɗu da ake murzawa har lambobin su jeru daidai. Ana gama sadakar arba'in ƙanen mijin ya iso daga birni da alƙalami a aljihun gaba. Ya tara mai unguwa da liman a tsakar gida, ya ce shi bai san da wata takarda ba, fadama gado ce, amma don a fita hakkin kowa zai ɗauki akwatin ya kai wa masu yankan ƙarfe a birni. Ya san tana cikin takaba, ba ta da halin bin sa. Ita ma ta san akwatin da ya fita da takarda, wayam zai dawo.

Ta ce akwati ba ya tsallake zaure, ita za ta buɗe shi. Ya yi dariya ya ce, “Matar Yaya, wannan ba murfin tukunya ba ne. Lamba dubu goma ce a cikinsa, ke kuwa ko sunanki sai da dangwale.” Ta ce, “Dubu goma taka ce, Malam. Tawa ashirin da huɗu ce.” Mai unguwa ya ba ta zuwa la'asar.

Ba ta san sunan lambobi a rubuce ba, amma ta san fuskokinsu. Shekara ashirin tana zaune tana saƙa mijin yana buɗe kwaɗon nan a gabanta, kullum abu huɗu take gani sun jeru: ɗaya miƙaƙƙe kamar tabarya, ɗaya kamar ƙwai, ɗaya mai tsukakken ƙugu kamar gyaɗa a ɓawonta, ɗaya kamar ludayi kai sama. Ta san su yadda ake sanin 'ya'yan maƙwabta, wa ke bin wa ne ba ta taɓa kula ba. Sai ta jawo kabarta ta rini, ja da baƙa da koriya da fara, ta ba kowace lamba launinta. Duk mai saƙa ta san wannan lissafin da hannu: idan ja ta fara, ragowar ukun hanya shida kawai za su bi juna, haka idan baƙa ta fara, haka koriya, haka fara. Shida sau huɗu. Ta jera su a kan tabarma layi layi, ta murza, ta ja kwaɗo, ta kawar da layin da ya ƙi. Ba gaggawa, ba tsallake.

Ashirin da huɗu suka ƙare, kwaɗo ko motsi. Inuwar katanga ta fara tsawo. Ƙanen miji ya miƙe ya kaɗe babbar riga, ya kama hannun akwatin. Ta ɗora tafinta a kan murfin ta ce ba a kira salla ba tukuna.

Ba ta zargi lissafinta ba, don kaba ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Ta dubi inda take zaune. Kan buzun marigayi take, kwaɗon yana fuskantarta. Can kuma, a ɗaya gefen akwatin, ga kujerarta 'yar tsuguno, inda ta yi shekara ashirin tana hango hannunsa daga gaba. Ashe duk a juye take ganin lambobin. Tabarya ko ka juya ta tabarya ce, ƙwai ƙwai ne, gyaɗa gyaɗa ce. Ludayi ne kaɗai ke da kai da gindi. Ta murza zoben ta wuce ludayi mai kai sama, ta nemo ɗan'uwansa mai kai ƙasa, wanda masu boko ke kira shida. Ta maido da kabarta, ta fara daga layin farko kamar yanzu gari ya waye. A layi na goma sha ɗaya kwaɗo ya saki baki.

Takardar tana ƙarƙashin hular sallar marigayi, a naɗe cikin leda. Ba ta miƙa wa ƙanen miji ba, ko da yake shi ya fi kusa kuma hannunsa na miƙe. Ta zagaye shi ta ba liman, ta ce ya karanta da ƙarfi, kunnenta ba shi da kyau yau. Liman ya karanta har sunayen shaidu. Mai alƙalami ya ce yana sauri kada mota ta tashi ta bar shi. Ta tattara kabarta ta ci gaba da faifan da ta bari tun safe, ranin nan kuma ita ta dasa albasa a fadamar.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.