Talatin da Bakwai Ba Ta Rabuwa

Malam ya rubuta 37 a allo da guntun allin da aka ba shi da safe, ya juyo ya ce a ninka ta da uku.

Aka amsa masa da 111. Da shida, 222. Da tara, 333. Ajin ya kaure da dariya, har da Furfura, wanda ya girmi Malam nesa ba kusa ba, kuma sai bara ya koyi riƙe fensir.

"Ninki tana yarda da shi," in ji Malam. "Amma ku kasa ta gida biyu, ko uku, ko huɗu, sai ɗaya ta yi saura. Taurin kai gare ta."

Kowa ya san inda ya dosa. Umarni ya zo daga sama cewa za a rushe wannan ɓangaren, a raba duk wanda ke cikinsa wuri uku, daidai wa daida. Ga jarrabawa ta ƙarato, kuma a nan aka yi musu rajista. In aka watsa su, wahalar shekara biyu ta bi ruwa.

Shi kuwa Shugaban wurin mutum ne da ba ya ƙara wa umarni ko gishiri. In an rubuta daidai, to daidai. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa: ɗalibai talatin da shida, Malam cikon na talatin da bakwai. Neman gyara daga sama kuwa, hawainiya ma ta fi amsarsu sauri, shi ya sa har yau ba a raba su ba.

Ana cikin darasin ya shigo, da murmushin da ba a saba gani ba. Duka aka miƙe, aka kai hannu baya. Ya ajiye takarda da biro a gaban Malam.

"Abin da ka daɗe kana nema ya fito. Uwargidanka ta sha zarya a kansa. Sa hannu, gobe ka kama gabanka."

Malam ya karanta. Yana so, wallahi yana so, har ƙirjinsa ya yi masa zafi. Ya ɗaga kai wajen 'yar tagar da ke can kusa da rufi, sannan ya dubi ajin. Lissafin bai wahalar da kowa ba: in ya tafi saura talatin da shida, sha biyu-biyu, motoci uku. Furfura ya sunkuyar da kai yana murza fensirinsa.

"Ranka ya daɗe, a bari sai bayan jarrabawa."

"Irin wannan ba ta jiran kowa. In ta koma, ta koma ke nan."

"To, ta gai da gida."

Murmushin ya gudu. Shugaba ya ce wannan hauka ne, ya kwashi takardarsa, ya buga ƙofa. Malam ya goge allo ya ce a buɗe shafin rabawa mai saura. Ya ci gaba da darasi.

Da ƙararrawa ta kaɗa suka yi layi suka bi dogon baranda. Gandiroba ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya tura ƙofar ƙarfe, ya murɗa makulli a kan fursunoni talatin da bakwai, ciki har da wanda ya ƙi sa hannu a takardar afuwarsa.