Jan Mayafina

"Kar ki motsa, Auta," in ji Yaya, ranar da kurciyar farko ta sauka a tafin hannuna. Shi ya sayo mini geron, shi ya ce in riƙa yafa jan mayafina kullum don kurciyoyin su gane ni.

Suka gane ni kuwa. Ina karatu a tsakar gida, su sauko har kafaɗata.

Yau na dawo daga makaranta na nemi mayafin na rasa. Bishiyar da suke kwana a kai ma shiru.

A kicin na tarar da Yaya yana lasar yatsu. Mayafina na kansa, gashin kurciya manne a gefen.

"Na rage miki cinya," ya ce. "Ai ke kika sha wahalar kiwon."