Sadaki Mai Gashin Baki

"Ustaz Ramzi, na gama shiri," in ji Nasrin. "Zinarina yana gidan Gwaggo Su'ad, albashina ya koma sabon asusu. Tunda malalacin mijina Hazim ya ƙi sakina, hul'i nake so, in fanshi kaina."

Lauyan ya kurɓi shayi. "Abu mai sauƙi, Madam. Ki mayar masa da sadakinsa."

Nan take ta tuna. Lokacin da soyayya ke ɗibarta, ƙin kuɗi ta yi, ta ce ɗan muzuru ne sadakinta. Mishmish ɗinta, mai kwana a ƙirjinta!

"Dukansa?"

"Har wutsiya."

Ta share hawaye, ta suri jakarta.

"Na fasa, Ustaz. Zan ci gaba da kiwon malalatan nawa su biyu."