Idon Daruma na Biyu

Ranar buɗe yaƙin neman zaɓe, Shugaba Kuramochi ya miƙa wa 'yar takararmu Chizuru alkalamin gashi, ta ɗiga wa daruma ido ɗaya da baƙar tawada. Haka muke yi a nan: jan mutum-mutumin takarda mai fararen idanu, ka zana ɗaya ka ƙulla buri, ɗayan kuma sai ranar da burin ya cika. A reshen Jam'iyyar Sassauci na lardinmu, can saman shagon mai tofu, wato awara, ba a taɓa zana na biyun ba.

Reshe ne mai tarin muƙamai: mataimaka uku, sakatare, kwamitin mata, da kwamitin matasa wanda ƙaraminsu ya yi jika. Aikinsu shan shayi da tafi duk sanda Kuramochi ya ce "'yanci". Hedikwata ta sakar masa tsayar da ɗan takara, shi kuwa kowane zaɓe sai ya tsayar, kowane zaɓe sai an sha ƙasa. Ɗansa dai na ta samun kwangilar shimfiɗa wa lardi kwalta, babu mai tambaya.

Chizuru ungozoma ce. Ta ajiye aikinta ne don Hasebe, ɗan majalisar jam'iyya mai mulki, ya ƙudurta rufe ɗakin haihuwa na garinmu, mai naƙuda ta riƙa tsallake dutse a mota. Kuramochi da kansa ya je har gida ya roƙe ta ta fito.

Tare suka je sayen darumar. Mai shagon ya washe baki. "Biyu, kamar kullum, Shugaba?"

"Ɗaya na ofis, ɗaya na gida," in ji Kuramochi. "Ni har ɗakin kwana nake kai aikin siyasa." 'Yan rakiya suka tafa, abin da suka fi iyawa.

Ana tsakiyar kamfe, Likita Usui, wanda ya fito ba jam'iyya kan wannan batu na ɗakin haihuwa, ya hawo benen yana haki.

"Malama Chizuru, ƙuri'unmu iri ɗaya ne. Ɗayanmu ya janye, ko ni ko ke, in ba haka ba Hasebe ya wuce."

Chizuru ta buɗe baki za ta amince, Kuramochi ya buga tebur. "Haba Likita! Aƙida ce ko kasuwar kifi? Mu ba ma ciniki. Sauka lafiya, a kula da matakala, ta fi ka tsufa."

Aka sake tafi. Chizuru ta ji kunyar kanta, ta ɗaura farin ƙyallen 'yan takara a kafaɗa ta koma bakin tashar jirgin ƙasa tana rusuna wa masu wucewa har muryarta ta dushe.

Hasebe ya ci da ƙyar. Da an haɗa nata da na Likita, da ya tafi gida kiwon jikoki. Kuramochi ya sharɓi kuka gaban 'yan jarida, mataimaka uku na miƙa masa hankici.

Washegari da safe Chizuru ta ɗauki kwalin alewar wake ta nufi gidansa neman afuwa. Ba aiki, ba ɗakin haihuwa, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne ta ba dattijon kunya.

Matarsa ta buɗe ƙofa. "Shigo ciki, 'yata, falon da sanyi. Yana wanke hannu, ya ɓata su da tawada tun da sassafe, sai ka ce ɗan firamare."

Ta zaunar da ita a ɗakin ciki ta tafi dafa shayi. Chizuru ta ɗaga kai. A kan kantar bango ga darumar gida, abokiyar tata, zaune a ƙarshen layin tsofaffin 'yan uwanta, kowace da idanu biyu cur. Sunan Hasebe ne rubuce a jikin kowace, idon ta ƙarshen kuwa ko bushewa bai yi ba.