Wanda Zai Zauna a Bulumkutu

"Da Mikail kaɗai za mu tafi," in ji Kashim, yana jera hulunansa zanna-bukar a akwati. "A ƙasar can, 'ya'yan masu bizar aiki ta wucin gadi sai an biya musu makaranta, har ta gwamnati. Ba mu da ƙarfin biya wa yaranmu biyu. Hussainatu ta zauna nan unguwar Bulumkutu wurin Hajiyata."

Matarsa Kaltum ta ce, "Don ita mace ce?"

"Na gama magana. Dole mutum ɗaya ya zauna."

"Haka ne. Amma ni asibitinsu ya ɗauka aiki, kai ɗan rakiya ne. Kuɗin jirginka ya isa makarantarta."

Ta zazzage hulunan a kan gado.

"Ka gaida Hajiya."